Hayaƙin da Surukina Ya Bari

Ranar da aka kai surukina makwancinsa, na lura masu gaisuwa ba mu suke kallo ba, bututun hayaƙi suke kallo. Mutum zai shigo ya durƙusa gaban uwar mijina ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji," kafin a gama cewa amin idonsa ya tsallake katanga ya sauka kan gidan burodin da ke manne da gidanmu. Daga Allah muke, gare Shi kowa zai koma, wannan babu mai musu. Amma a unguwarmu ta Shango ranar nan, abin da ke cin mutane shi ne me tsohon ya binne a ƙarƙashin tanderunsa.

Ina tsakar gida ina zuba wa mata ruwa na ji wata maƙwabciyarmu tana raɗa wa ta kusa da ita.

"Kin gani? Mai shi yana ƙasa, abin yana ta hayaƙi."

"Ai irin wannan wutar ba a kashe ta da garaje," in ji ɗayar. "Sai an san da wa aka ƙulla alkawari."

Da suka ga inuwata sai suka ɗaga murya, "Allah ya sa ya huta, mutumin kirki!" Na ce amin, na miƙa musu ruwa. Waɗannan matan biyu sun fi kowa soya gyaɗa kyauta a bakin tanderun nan.

Ba zan kira sunansa ba, uban mijina ne, ko yana da rai ban taɓa kira ba. Baba nake ce masa. Ni matar ɗansa na biyu ce, a gidansa aka kawo ni, a nan na haihu, a nan nake 'yar sana'ata ta cikin ɗaki: gishiri, magi, sabulu, ashana, kananzir. Kuma ni mace ce mai zargi, uwata ma ta shaida. In aka ba ni kyauta sai na juya ta na duba ƙasanta. Saboda haka wanda ke jiran in ce Baba waliyyi ne ya nemi wani ya tambaya. Abin da na gani ta bayan labule zan faɗa, don kada raɗe-raɗin matan nan ya zama shi ne kaɗai tarihinsa.

Mahaifinsa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna. Shi ma Baba a reluwe ya yi akawu, ya kuma daɗe a ƙungiyar ma'aikata, inda ya kwaso surutun tattalin arziki da bai rabu da shi ba har mutuwa. Da aka mai da Minna babban birnin jiha a 1976, ya ga ma'aikata suna ta tururuwa, ya ce waɗannan duk za su sha shayi da safe. Ya ajiye aiki, ya samo wani Banufe daga Bida wanda ya iya burodi, suka kewaye fili da zana suka gina tanderu su biyu. Ba su bar kowa ya leƙa ba har suka gama. Shi ya ce don kada yara su taka ɗanyen gini ne. Unguwa ta ajiye maganar zanar nan a ranta, ta jira ranar amfaninta.

Abin da ya fara haɗa shi da dangi shi ne yadda yake ɗaukar ma'aikaci. In guri ya samu, sai a tara masu nema a rumfa, a ba kowa kwaɓin fulawa ya murza. Baba yana zaune ya ba su baya, yana fuskantar bango kamar wanda aka yi wa laifi. Banufen ne zai riƙa kawo masa kwaɓin ɗaya bayan ɗaya, ya danna da babban yatsa, ya ja, ya shinshina. Kwaɓin da ya ce wa "wannan," mai shi ya samu aiki. Sai a lokacin zai juyo ya ga fuska.

"In na ga fuska zan ga ubanta," haka yake cewa. "Kwaɓi kuwa ba shi da uba."

A haka ɗan ƙanwarsa ya sha ƙasa a hannun wani Kirista daga kudancin Kaduna. Gwaggon mijina ta zo da mayafi a kafaɗa, tun daga zaure ake jin ta.

"Yaya, ɗana na cikina ka bari, ka ɗauki bare?"

"Ban bar shi ba, kwaɓinsa ne ya bar shi. Ki taɓa ki ji, kamar tuwon jiya."

"Ai dama an ce tun a reluwe gurguzu ya shige ka!"

"To a zo a cire min," in ji shi, ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Ta yi shekara ba ta taka gidan ba. Ni kuwa a raina na ce tsohon nan wayo ne da shi: bare ba ya yi maka gardama, ɗan dangi kuwa sai ya makara ya ce gaisuwa ya tsaya yi. Har yau ban janye wannan zargin ba. Sai dai na shaida albashi ɗaya yake ba duk masu aiki ɗaya, Bahaushe ko Banufe ko Bagbagyi ko Inyamuri, kuma akwai wani gurgu da ya yi shekaru yana shafa wa gwangwanaye mai a zaune, ba a taɓa rage masa ko kwabo ba.

Sai zamani ya juya. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, aka yi ta sallamar ma'aikata, daga baya aka hana shigo da alkama. Fulawa ta zama sai mai dogon hannu. Gidajen burodi suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kori yaransa ya sa kwaɗo. Namu ma fulawar ta yanke, wani lokaci a yi makonni babu ko buhu.

Baba bai kori kowa ba. Wannan da sauƙi, ana iya cewa tausayi ne. Abin da ya ɗaure wa gari kai shi ne bai bar tanderun ya huce ba. Kullum da safe matan Gbagyi za su sauko daga ƙauyukan bayan dutse da itace a kafaɗa, ya saya duka yadda ya saba, a hura wuta, hayaƙi ya tashi har ana hangensa daga titi, alhali babu ko ƙwayar burodi a ciki. Ma'aikata kuma ya ƙirƙiro musu aiki. Yau su haƙa rijiya, gobe su cike ramukan layinmu da tsakuwa, jibi su kankare gwangwanayen da suka riga suka kankare jiya. Ƙarshen wata kowa ya karɓi albashinsa cif.

Daga nan maganganu suka tashi. Wasu suka ce kuɗin jabu yake gasawa. Wasu suka ce fulawa ya ɓoye yana jiran tsada, har wata rana jami'ai suka dira da mota suka bincike sito, ba su samu komai ba sai matan unguwa suna juya gyaɗa a bakin wuta, suka cika aljihu da ita suka tafi. Mafi yawa dai suka ce wutar nan ba ta burodi ba ce, abinci ce ta abin da aka binne lokacin zana, in ta mutu mai gida ya mutu.

Mu na cikin gida mun san inda kuɗin ke fitowa, kuma sanin bai sanyaya mana rai ba. Gonar ƙauyen Beji yake yanka yana sayarwa. Gona ce babba da mahaifinsa ya bari, mai doya da mangwaro, wadda kowane ɗa a gidan ya riga ya zaɓi gefensa a zuci. Ni kaina na riga na dasa wa 'ya'yana rogo a can cikin mafarki. Yayan mijina, wanda shi ne babban ɗa, ya kasa daurewa. Ya same shi a gindin mangwaron ƙofar gida bayan la'asar, ni kuma tagar ɗakina a nan take.

"Baba, a gafarce ni. Ko gwamnati ta rage ma'aikata. Mu su wa?"

"Gwamnati ta yi kuskure. In kowa ya tsuke aljihu rana ɗaya, wa zai sayi na wa?"

"Amma ana kashe abin da ba ya shigowa."

"Lokacin kashewar ke nan. Ranar da ciniki ke gudu ai ba a bukatata, kowa na iya ɗaukar ma'aikaci. Yanzu da ya tsaya ne mai ɗan abu zai tura. Da ni ne gwamnati, bashi zan ci in sa duk wanda aka kora ya gyara titin jirgi. Mai albashi ya sayi doya, mai doya ya sayi atamfa, mai atamfa ya biya haraji, kuɗin ya koma inda ya fito."

"Ita gwamnati tana da injin buga kuɗi. Kai gonar kakanmu kake bugawa."

Na ɗauka mari zai biyo baya. Sai Baba ya yi 'yar dariya.

"Wannan ka faɗi gaskiya. Shi ya sa nake jin haushinta, ita mai inji ta zauna, ni mai gona nake yi mata aikinta."

"To ko itacen a daina saya. Hayaƙin banza fa, Baba!"

"Ba na banza ba ne. Na farko, tanderun ƙasa in ya huce ya sha damina, sai ya tsage. Na biyu, duk mai shayin da ya ɗaga kai ya ga hayaƙin nan ya san ban mutu ba. Wasu suna biyan rediyo a yi musu talla. Ni ga tallata can tana tashi."

Yayan mijina ya kaɗe rigarsa ya tafi. Tun daga ranar ya tsayar a ransa cewa ubansa ba a hayyacinsa yake ba, Banufen nan ne ya yi masa asiri don ya ci gaba da cin albashi a zaune, kuma asirin yana ƙarƙashin tanderu. Kun ga ke nan, gari na zargin Baba, gida na zargin Banufe, amma duka wuri ɗaya suke nuna wa yatsa.

Ni ma ina cike da shi a kwanakin nan. Ba na iya faɗa, surukuta ta hana, sai dai in ajiye kwanon abincinsa da ɗan ƙarfi. Ya lura. Wata rana da hantsi, bayan matan itace sun karɓi kuɗinsu sun shigo ɗakina kamar kullum sun sayi gishiri da sabulu da kananzir sun fita, sai na ji gyaran muryarsa a bakin labule. Na durƙusa daga ciki.

"'Yar nan, yau an yi ciniki?"

"An taɓa, Baba."

"Su wa suka saya?"

"Masu itace ne. Sai matar gurgun can ta aiko a ba ta magi."

"Madalla. Ashe gonar Beji ta iso ɗakinki."

Ya ja takalminsa ya wuce. Na zauna da kwanon ciniki a cinya ina jin kunya da haushi a haɗe, don na so in ce masa gona ta tafi da kadada ta dawo da sulalla. Amma ban ƙara dangwarar masa da kwano ba.

Kada a ɗauka duk dabararsa ta ci. Ya taɓa cewa tunda babu alkama a yi burodin masara da rogo. Abin ya fito kamar bulo, ko awakin gidan sai da suka yi shawara kafin su taɓa. Ya sa aka kai wa masu shayi kyauta su gwada, wani ya aiko a tambaya ko na gini ne. Baba ya ci nasa gaban kowa yana cewa da daɗi, uwar mijina ta kwana biyu tana dafa masa ganyen gwaba.

Da fulawa ta fara samuwa, abin da ya faɗa game da hayaƙi ya tabbata, ba zan hana shi wannan ba. Sauran gidajen sai da suka nemi sababbin ma'aikata, suka gyara tanderun da ya tsage, suka bi masu shayi suna roƙo. Mu kuwa buhu na sauka da rana, washegari kekuna sun yi layi a ƙofa. Burodin farko bai sayar ba, ya ce a kai duk gidan da aka yi haihuwa ko rasuwa a unguwa. Uwar mijina ta ce sadaka ce mai kyau. Ya ce, "Ba sadaka ba ce, so nake su tuna ɗanɗanon." Haka yake, ko alheri ya yi sai ya sa masa rigar kasuwanci, har ka rasa wanne ne na gaskiya. Gonar dai ba ta dawo ba. Ciniki ya ciyar da gida da ma'aikata, bai taɓa tara abin sayen ko gefenta ba. Mutanen gari kuma maimakon su ce dabara ce, sai suka ce ai dama abin da ya binne ne ya biya shi.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ranar da jikin ya yi tsanani ya sa aka buɗe masa taga, ya dubi bututun, ya ce wa mijina, "Kada ku bari ya huce." Mijina mutum ne mai sanyi, ya ce to. Wannan maganar ma da ta fita waje sai ta zama hujja.

Bayan sadakar uku yayan mijina ya tara 'yan'uwa a zaure. Ya ce ba za a raba gado a kan ƙazanta ba, kuma ba zai bari a yi ta nuna 'ya'yan gidan da baki ba. A kashe wuta, a fasa ƙasan tanderu, kowa ya gani. In babu komai, sunan Baba ya wanku. Gwaggo ta ce haka ne. Mijina ya buɗe baki ya ce, "Amma Baba ya ce..." aka ce masa ai abin da ya sa ya ce ɗin ake son a gani. Aka kira Banufen. Tsoho ne a lokacin, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Ya tsaya a bakin zaure da hularsa a hannu.

"Alaji karami, kar a pasa. In an pasa kasa, ba ya gyaru. Ba komai ciki sai kwalba da gisiri da yashi."

"Kwalba da gishiri?" in ji yayan mijina, ya dubi jama'a. "Kun ji da bakinsa."

"Don zapi ne. Kwalba yana rike zapi. Kowane tanderu haka ne, a tambaya."

Ba wanda ya tambaya. Ni ina bayan ƙyaure, kuma ba zan yi ƙarya ba, ni ma ina so in gani. Shekara da shekaru ina kwana kusa da abin nan.

Sai da aka jira ya huce, sannan aka sa diga. Ma'aikatan gidan suka ƙi taɓawa, aka ɗauko lebura daga waje. Unguwa ta cika har kan katanga. Aka ɗaga tubalin ƙasa, sai ga yashi, ƙarƙashinsa gishiri ya dunƙule ya yi baƙi, ƙarƙashinsa fasassun kwalabe kore da ruwan ƙasa suna ƙyalli. Aka yi ta tono har aka kai jar ƙasa. Babu laya, babu ƙaho, babu ƙashi. Abin da tsohon ya faɗa shi aka samu, ba ƙari.

Na ɗauka za a ji kunya. Ina! Maƙwabciyar nan tamu ta riƙe haɓa ta ce, "Kwalaben giya a gidan Alhaji? Da gishiri? Lalle aikin ya yi ƙarfi, har abin ya narke." Rabin jama'a suka tafi da wannan. Yayan mijina ya tsaya kan ramin yana share gumi, ya ce a mayar a gyara. Banufen ya shiga ya ɗaga kai ya nuna masa rufin, tsaga ta bi shi daga baki har bututu. Ya fito ya ɗauki doguwar sandarsa ta zaro burodi, ya yi wa uwar mijina sallama, ko kuɗin mota bai tsaya karɓa ba. Sauran ma'aikatan suka tsaya cirko-cirko a rumfa, aka ce su je za a neme su.

Ranar sadakar bakwai da hantsi ina tankaɗe na ji hayaniya a ƙofar gidan burodi. Matan Gbagyi ne, sun fi na kullum yawa, kowace da itace a kafaɗa har ya fi ƙarfinta. Sun kwana biyu ba su sauko ba, sai lokacin labari ya kai musu. Mazan gidan duk suka sunkuyar da kai, aka rasa mai fita, sai ni da na saba da su aka tura. Babbarsu, wata tsohuwa da ta daɗe tana sayen gishirina, ta sauke kayanta ta kama hannuna.

"Mu ji Baba ya mutu. Sanu, sanu. Wannan ba na kudi ba. Lokacin wahala shi ya saya, ba burodi ma ya saya. Yau mu kawo kyauta. A sa wuta na Baba."

Na ja ta zuwa ƙofa na nuna mata. Ta leƙa ta ga ramin, ta ga tulin kwalabe a gefe, ta juyo ta dube ni.

"Wa ya yi?"

Na ce, "Mu ne."

Ta koma wurin 'yan'uwanta. Suka jera itacen a jikin bango yadda suka saba, suka shiga suka gaida uwar mijina, suka fita. Ba wadda ta leƙa ɗakina, ba su da abin saye. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Uwar mijina ta ce itacen nan na Baba ne, da shi za a dafa abincin sadaka, kuma a filin gidan burodin za a kafa tukwane. Aka hura. Ɗanyen itace ne a ciki, hayaƙi ya murtuke ya haye saman rufi daidai inda ya saba tashi. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi wa tanderunsa.

Ba mu kai ga sauke tukunyar farko ba na ji ƙararrawar keke a waje, sannan wata, sannan wata. Masu shayi ne da akwatunansu a baya. Ina leƙawa na ga har gurgun nan ya iso, ya zauna a gurbinsa na kullum yana naɗe hannun riga. Wani mai shayi ya hango ni ya ɗaga murya.

"Hajiya, mun ga hayaƙi! An fara ne?"